Shayin da Na Kai Ofishin Likita

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taka. Mu nan sai godiya.

Ka san ni. Da kaina na koyi aikin famfo, na buɗe shago, na gina ɗaki huɗu, ba wanda ya miƙo min ko bulo ɗaya. To yau na zo da labarin da ya fi waɗannan duka.

Autar 'ya'yana ta shekara guda hannunta na dama yana mutuwa na 'yan mintoci, magana ta sarƙe mata. Asibiti biyu suka ce farfaɗiya ce. Ni kuwa na zuba ido, na lura abin ba ya zuwa sai ta hura shayi mai zafi ko ta yi dogon kuka. Na faɗa, aka yi min murmushin da ake yi wa wanda bai wuce sakandare ba. Sai na cika fulas da shayi mai zafi na kai yarinyar wajen babban likita, na zuba mata a gabansa na ce ta hura. Kafin minti uku kofi ya suɓuce. Mamanta ta kusa cinye ni ɗanye. Likitan ma ya yi min faɗa sosai, ya ce kada in kuskura in maimaita, amma nan take ya tura mu hoton ƙwaƙwalwa.

Ashe manyan jijiyoyin da ke kai jini kanta ne suka tsuke, wasu sirara suka tsiro, a hoton kamar hayaƙi, ba sa wadatarwa. Ya ce da an ƙara jinkiri ɓarin jikinta zai iya shanyewa. Da ya bayyana cewa za su ɗauko jijiya daga gefen kunne su jona, na ce ai aikina ke nan: bututu ya toshe cikin bango, a ja sabon layi. Har ya yi dariya.

An yi aikin wata biyu ke nan. Jiya da hannun nan ta ɗaure igiyar takalminta, ta koma makaranta.

Ka gaida Inna, da matarka, da Dogo. 'Yarka mai karatun likita kuma ka ce ta rubuta wannan alama a littafinta don yaran wasu, ta sa sunana a ƙasa, cikakke, har da na Baba.

Ƙaninka,
Mai Famfo