Ranar da Umma Ta Rataya Kyamara

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana Emeka, a Inugu.

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da madam da yara. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na zaɓi in rubuto maka a nan shafina da nake zuba hotuna, saboda masu bibiyata sun ga na farkon da na tura maka, sun yi ta zuba mini kirari, to gara su ji yadda aka ƙare.

Ka tuna kiran da ka yi mini ka ce mantuwar tsufa ta kama Mama, wani lokacin sunanka ma sai ta lalubo shi, amma kullum da yamma sai ta ɗaura ɗankwali ta ce a mai da ita gida Gyadi-Gyadi, unguwarmu ta dā a nan Kano. Ka ce likita ya ba da shawarar a riƙa nuna mata abin da ta sani a da, ko hankalinta ya kwanta. Har ka tsokane ni: "Kai da ko ɗaurin aure ba ka zuwa sai da kyamara a wuya, ɗauko mana unguwa mana."

Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Shekara da shekaru ina wannan abu don sha'awa, in na taso daga ofis in bi lungu ina ɗaukar ƙofofi da tantabaru, mutane na yi mini kallon wanda bai da aikin yi. Ummata kuwa wasan yara take kiransa. Ga shi yau an nemi wasan yaran da gaske.

Tun da sanyin safiya nake barin Tarauni don in riski hasken da nake so. Na ɗauki layinmu, na ɗauki masallaci, na ɗauki masu kayan gwari, na ɗauki kemis ɗin Babanku wanda yanzu shagon waya ne. Duk inda kwata ta leƙo sai na kauce mata. Na tura maka ina jin kaina, ina jiran a ce Mama ta yi kukan daɗi.

Sai ka ce ta duba su ɗaya bayan ɗaya, da ladabinta kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Garin nan yana da kyau, ina ne?" Emeka, ranar abincin kirki ban ci ba.

Na kai wa Umma ƙorafi ina neman a lallashe ni, ita kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai da Emeka ne kuka yi rayuwarku a titi. Ni da uwarsa a tsakar gida muka yi tamu, ita tana kan keken ɗinki ni ina bakin murhu. Ka ɗauko mata titi, ta ce maka me?"

To ga matsalar. Gidan nan namu ya daina zama gidan haya. Wani Alhaji ya saye shi ya sa iyalinsa, an shafe zaure da fenti, an rubuta "Ba shiga" ɓaro-ɓaro. Ni da aka haifa a ɗakin kusa da rijiya, yau iyakata dakali. Na yi sallama da maigidan, mutumin kirki, ya saurare ni tsaf, ya tausaya wa Mama, sannan ya ce mace ko yaushe ta zo bismilla, amma ƙato da kyamara a cikin iyalinsa, in yi haƙuri. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan faɗa ke nan.

Na yi tunanin tura matata, amma ba ta san gidan ba, ba ta san abin da za ta nema ba. Ina cikin wannan lissafi Umma ta miƙo hannu ta ce, "Kawo abin."

Da ka ga darasin da ka sha dariya. Idon da ya kamata ta buɗe shi take rufewa. Na fara yi mata bayanin haske da inuwa, ta katse ni: "Ni dai nuna mini inda ake dannawa, sauran surutun ka riƙe kayanka." Ta rataya kyamarar a kan hijabi, muka hau adaidaita, tana ta gyara zama kamar mai zuwa karɓar lambar yabo.

Da muka isa ta shige ciki, ta ce yanzu za ta fito. Tun hantsi na zauna a dakalin nan da muke shan rake ni da kai, ba ta fito ba sai bayan la'asar. Ina jiyo shewarsu daga ciki. Da azahar aka miƙo mini dambu a kwano, wai in ji matar gidan, direban Hajiya ya ci.

Da muka koma na buɗe hotunan. Kusan rabi yatsanta ne. Wasu a karkace, wasu silin kawai, ɗaya kuma ƙafarta ce da silifas. Amma a cikin sauran, ɗan'uwa, akwai gidanmu. Ga bakin rijiya da gefen nan da ya ɓalle. Ga ramukan da ƙafafun keken Mama suka ci a siminti a ƙofar ɗakinku, ashe har yau ba a cike su ba. Ga gwaibar da Mama ta shuka a tsohon bokiti, ta zarce katanga. Ga ƙusar da take rataya tef ɗin awo. Na daɗe ina kallon ƙusar nan, ni da na yi shekaru ina wucewa ta ƙarƙashinta ban taɓa ɗaga kai ba.

Babu fuskar matan gidan ko ɗaya. Alkawarin da Umma ta yi musu ke nan, kuma ta cika.

Yanzu dai na jawo wa kaina. Umma ta ɗauki hoton kajinta, ta ɗauki jikokinta, ta ɗauke ni ina gyangyaɗi baki buɗe ta nuna wa ƙawayenta na unguwar Daurawa. In na shigo gaisuwa, kafin in zauna za ta ce, "Ina kyamarar tamu?" Jiya ma cewa ta yi hotunana sun cika sanyi, babu mutane a ciki.

Na wanke masu kyan duka a takarda, na ba da su a mota, saboda ina so Mama ta riƙe su a hannu, ba a waya ba. Ka nuna mata da rana, lokacin da ta huta, kada a yi mata tambayoyi.

Na ƙarshen ba Umma ce ta ɗauka ba, matar gidan ta miƙa wa kyamarar ta ɗauke ta. Za ka ga Umma zaune a matakalar ƙofar ɗakinku, ta matsa gefe guda, ta ɗora tafinta a kan simintin da ke kusa da ita. Na tambaye ta wannan wane irin zama ne. Ta ce, "Nan uwar Emeka take zama in muna tsintar shinkafa. Ka ce masa kada ya gaya mata ko ni wace ce. In ta gane ni, alhamdulillahi. In ba ta gane ba, ya ce mata wata tsohuwa ce a Kano take tsare mata wuri."

Na isar da saƙo. Allah ya ba Mama lafiya, ya sanyaya mata zuciya, ya sa ko da na ɗan lokaci ne ta ji ta dawo gida. Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita, ya bar zumuncin iyayenmu a tsakanin 'ya'yanmu.

Naka har kullum,
Nasiru, Tarauni.