Harshen Sharifa

Plovdiv, Bulgariya
3 ga Fabrairu, 1983

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kina lafiya, da Kawu Mudi da duk mutanen Barkin Sale. Takardarki ta iso, na kuma gane ba rubuta miki aka yi ba, hannunki ne. Ajin yaƙi da jahilci ya yi rana.

Inna, ba zan ɓoye miki ba. Ciwon ƙodar nan ya dawo, an kwantar da ni a asibiti, likitoci sun hana ni doguwar tafiya. Ina so ki zo. Matata Elizabet da iyayenta za su aiko da takardar gayyata, sauran aikin Kawu zai bi shi a Legas. Ki zo ki ga Sharifa. Ta shiga shekara huɗu, bakinta ba ya hutawa, sai dai duk surutun da harshen uwarta take yi. Laifina ne.

A nan ba mai jin Hausa sai ni da abokina Gimba, ɗan Paiko. Ki nemi Malam Sheshi, likitan dabbobi, a ƙasar nan ya yi karatu. Ko 'yan kalmomi ya koya miki, kin tsira daga yunwa a hanya.

Ki sa ni a addu'a.
Ɗanki, Jafaru

*

Barkin Sale, Minna
6 ga Maris, 1983

Zuwa ga Baban Sharifa,

Bayan gaisuwa da addu'a. Yaya jikin? Tun da takardarka ta zo abinci ba ya shigar mini. Ka ce ƙoda, ba ka ce ɗaya ce ko duka biyun ba. Ba ka ce wa yake kwana wurinka ba. Sun san ba ka cin alade?

Na sami Malam Sheshi. Yana koya mini da la'asar in ya gama da shanu, ni a kan benci, shi yana wanke hannu. Ranar farko ya ce, "Gwaggo, ce gara." Na ce wace garar, ta aure ko mai cin azara? Ya ce tashar jirgi ke nan. Na ce to Allah ya kyauta, marigayi babanku, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ƙare ƙarfinsa a gara bai sani ba.

Na iya ruwa, na iya burodi, na iya nawa ne. Na gode ce ta ƙi ni, harshena yana harɗewa a tsakiyarta. I ɗinsu wai da, a'a ɗinsu wai ne. Waɗannan ai namu ne suka ara suka ɓata.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar kai. Malam ya ce in sun gyaɗa kai, a'a suke nufi, in sun girgiza, i. Ina gwadawa a gida. Jiya Saudatu mai nono ta leƙo ta ce, "Hajjo, a zuba?" Na girgiza mata kai ina miƙa ƙwarya, ta ɗauki kayanta ta yi gaba tana cewa tsufa ya zo. Mun yi dariya. Amma da na zauna sai na tuna zan tsaya gaban likitanka in tambaye shi ko za ka tashi. In ya motsa kai, da wane idon zan karanta, nawa ko nasu?

Na tambayi Malam yadda ake cewa sannu. Ya daɗe yana tunani, ya ce ba su da irin tamu mai shiga ko'ina. Ya ba ni wata doguwa ta marasa lafiya, kafin in kai gida ta zube. Shi kalmomin tasha da kasuwa yake ba ni. Ni ba sayayya za ni ba.

Kawunka ya je Legas ya dawo, an ce a jira. Ka sha magani. Ka gai da matarka da mutuniyar tawa.

Mahaifiyarka, Hajjo

*

Plovdiv
9 ga Afrilu, 1983

Inna,

Ina gaisuwa. Gimba ne yake rubutawa, ni nake faɗa, hannun ya ɗan kumbura. Duka biyun ne. Ba na cin alade. Maganar gara ta sa na yi dariya har mai jinya ta leƙo.

Ga lambar wayar gidan surukaina a ƙasa. In kin samu zuwa Kaduna, a babban ofishin waya za su haɗa ki. In an sallame ni, can za ki same ni. Ki gaya wa Kawu ya ƙara matsawa.

Jafaru

*

Barkin Sale, Minna
17 ga Mayu, 1983

Zuwa ga Baban Sharifa,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Yau da farin ciki nake rubutu, ka yi haƙuri da layin da ya karkace.

Takardun ba su fito ba har yanzu. Malam Sheshi kuma an tura shi Kagara, ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, ba a san ranar dawowarsa ba. Na ga zama ba zai yi ba, na hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna ni kaɗai. Shekaranjiya na wuni a ofishin waya kafin a ce in shiga wani ɗan ɗakin katako.

Mace ce ta ɗauka. Na faɗi abin da Malam ya sa na haddace kafin ya tafi, wato ni ce mahaifiyar wane. Ka san kai ne na fari, tun da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kama shi ba. Na ce wa Malam ba za a ce Baban Sharifa ba? Ya ce, "Gwaggo, a waya ba a kunya, lokaci ake ci." To na faɗa. Mai haɗa wayar yana jina, ban mutu ba.

Matarka ta yi magana mai tsawo. Layin yana ta ƙara kamar ana suya. Na kasa kunne ko zan tsinci ruwa ko burodi ko gara, ban tsinci ko ɗaya ba. Na ce dobire? wato lafiya? Ta ƙara wata maganar. Ban san ko da ta ce ko ne ba. Na tsaya riƙe da abin nan kamar kurma.

Sai na ji ƙaramar murya, kusa sosai, tana cewa baba, baba. Ta yi ta faɗa, tana ƙara ɗaga murya. Wannan kam ba sai da Malam ba. Na gane ka shigo ɗakin ke nan, tana kiranka ka zo ka karɓa. Na yi shiru don kada in tare maka hanya. Ina jira aka yanke, wai lokacina ya cika.

Ban ji muryarka ba, amma yaro ba ya kiran wanda ba ya nan. An sallame ka. Na soya ƙosai na raba wa unguwa da safen nan. Kada ka yi saurin komawa karatu.

Mahaifiyarka, Hajjo

*

Plovdiv
12 ga Yuni, 1983

Zuwa ga Mama Hajjo,

Assalamu alaikum. Ni ne Gimba. Ki yi haƙuri da Hausata. Na san wayar tangaraho da muka buga wa Kawu Mudi ta riga ta isa. Allah ya jiƙan Jafaru, ya ba ki haƙuri. Ni da wasu ɗalibai Musulmi muka wanke shi, wani tsohon limami Baturke ya yi masa salla. An yi komai yadda ya kamata.

Takardarki ta zo hannun Elizabet, ta ce in karanta mata. Na so in tsallake wani wuri, ta gane, ta hana. Ita ta ce dole in rubuto miki wannan.

Ranar da kika buga waya, da asubar ranar ya rasu, a asibiti. Abin da take gaya miki ke nan. Da ta ga ba ki gane ba, ta rasa abin yi, sai ta ba Sharifa wayar. Mama, a harshen nan baba ba uba ba ne. Kaka ce, mace. Jafaru ya daɗe yana nuna mata hotonki yana cewa kina zuwa. Ke take kira.

Elizabet ta ce gayyatar tana nan, ɗakin da aka gyara miki yana nan.

Naki cikin girmamawa,
Gimba

*

Barkin Sale, Minna
10 ga Yuli, 1983

Zuwa ga ɗana Gimba,

Na gode da wanka da salla. Allah ya saka maka, ya mayar da kai gida lafiya.

Takardun sun fito makon jiya. Mudi ya ce me zan je yi yanzu.

Abu ɗaya nake roƙo. Yarinya ta kira ni, ta yi ta kira, na yi mata shiru. Malam Sheshi bai dawo ba. Ka rubuto mini yadda kaka take cewa na'am a can, da manyan baƙaƙe, gajeriya wadda ba za ta zube mini a jirgi ba. Ka faɗa mini ranar da za a ajiye yarinyar kusa da wayar, in koma Kaduna.

Ka gai da uwarta. Ban san da wace kalma ba.

Hajjo