Lafiyar Motata Ƙalau, Amma Wata Takwas Ana Tura Ta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya hore wa ɗan Adam abin hawa, mai ƙafa huɗu da mai taya huɗu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Masu karatu, assalamu alaikum. Wasiƙar yau na fara karanta ta ina murmushi, ban kai ƙarshenta ba sai da na gyara zama. Tun makon jiya na aika wa mai ita da amsa, kuma da izininsa aka buga, saboda dalilin da za ku gani a ƙasa.

Wasiƙa

Allah Ya gafarta Malam, ka taimake ni, na shiga wani hali da ban san sunansa a shari'a ba, kuma ina jin nauyin tambayar duk wanda ya san fuskata. Don Allah a sakaya sunana.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini mota. Shekararta hamsin da shida, ta girme ni da shekara tara. Ruwan ƙwai ce, fitilunta zagayayyu, kujerar gaba doguwa guda ɗaya kamar benci, giyarta kuma a jikin sitiyari take. A gida Gwaggo muke ce mata. Ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin tamfol kyanwa tana haihuwa a ciki, har na samu wani tsohon bakanike da ake kira Kunne, saboda ba ya taɓa inji sai ya saurare shi tukuna. Wata biyar yana aikinta. Ranar da ya gama ya ɗora kofin ruwa a kan injin yana aiki, ruwan bai motsa ba.

Tun da na fito da ita titi na daina zama mutum, na koma wanda yake cikin motar. Wasu su ɗauki hoto ko sallama babu. Wani mai sabuwar mota ya sauke gilashi ya tambaye ni ko ta sayarwa ce, da na ce a'a, sai ya ce to Allah Ya yaye mini. Wata dattijuwa ta tare ni a bakin asibiti tana shafa ƙofar tana hawaye, wai a irinta aka kai ta haihuwar fari. Ta roƙi in bar ta ta zauna minti biyar, ta yi barcin awa guda. Wani kuma burodi ya miƙo mini ta taga, ya ce in yi haƙuri, wata rana sai labari. Duk wannan na saba, ba shi ya kawo ni ba.

Akwai mahaɗar hanya kusa da gidana inda nake tsayawa kowace safiya sai motocin babban titi sun wuce. Wata Litinin ina tsaye, inji yana aiki, amma saboda kyan aikin Kunne ba a jin ƙararsa, kawai sai na ji motar tana tafiya da kanta. Na duba madubi, sai ga mutum huɗu da ban taɓa magana da su ba sun duƙufa a bayanta: mai faci, mai sayar da jarida, wani tela da tef a wuya, da wani tsoho wanda ya jingine sandarsa a bango don ya samu hannu biyu. Telan yana ɗaga murya, "Yallaɓai, sa ta a giya biyu, kar ka saki kuloci sai na ce."

Malam, na san abin da ya kamata, in leƙo in ce lafiyarta ƙalau. Amma na ga gumi a goshin tsohon nan, sai bakina ya mutu. Na jira aka ce in saki, na taka totur, ta yi gurnani, suka yi ta hamdala suna gaisawa da juna. Washegari na tarar suna jira. Ranar Laraba, Allah Ya yafe mini, ni da hannuna na kashe injin kafin in ƙaraso, don kada wani ya ji shi su ji kunya.

Yau wata takwas. Sun kai mutum tara. Tela ya raba wa kowa wurinsa, kuma ba mai taɓa Gwaggo sai ya naɗe hannunsa da tsumma saboda fenti. Tsohon, wanda suke kira Baba Mai Sanda, shi ke ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sau ɗaya na sake hanya, da yamma suka zo mini jaje a zaton ta ƙi tashi gaba ɗaya, suka ce daga gobe har ƙofar gida za su riƙa zuwa. Dole na koma hanyata. Ranar Asabar ba ni da aiki, amma haka nake sa kaya in fita a tura ni, in zagaya shataletale in dawo gida in tuɓe. Mai ɗakina ta daina shiga, ta ce ba za ta zauna kamar buhu dattawa suna nishi a bayanta ba. Yanzu ko shayi na daɗe ban sha ba sai ta ce, "Ko a kira su su tura ka ne?" Ita kaɗai ta san gaskiya.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kowa ya san Kunne ne ya yi aikin motar, don da kansa ya yi ta faɗa yana alfahari. Yanzu magana ta bazu cewa ya yi wata biyar a kan mota ya fito da abin da sai an tura. Masu kai masa aiki sun janye. Ran nan na ji mai faci yana ce wa wani kada ya kai masa ko keke. Shi kuwa bawan Allah duk mako sai ya zo gidana, ya buɗe gaban motar, ya sa kunne, ta tashi bugu ɗaya, ya tsaya yana kallonta kamar 'yarsa ta yi masa ƙarya. Ya canja batir, ya wanke kafireta sau uku. Watan jiya har asibiti ya je aka auna masa kunne. Makon nan ya ce mini idan ƙarshen wata ya zo bai gano ciwon ba zai rufe garejin, domin wanda kunnensa ya daina gaya masa gaskiya bai kamata ya riƙa taɓa motar mutane ba.

Na yi niyyar faɗin gaskiya, sai ga 'yar Baba Mai Sanda ta zo ta durƙusa tana mini godiya. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarsu bai ƙara fita ba, sai da turin nan ya samu. Yanzu yana wanka da sassafe, yana cin abinci, har likita ya rage masa magani. Ta ce don Allah kada in gyara motar.

Malam, shin ƙarya nake yi alhali ban taɓa buɗe baki na ce ta lalace ba? Su kuma suna da lada? Na yi tunanin in zare wata waya a injin don ta lalace da gaske, Kunne ya samu abin ganowa, maganar kowa ta zama gaskiya. Hakan ya halatta? Ko in sayar da ita in huta? Ka yafe tsawon wasiƙar.

Naka,
Wanda Ake Turawa.

Amsa

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya rubuta irin wannan wasiƙa, saboda haka ka kwantar da hankalinka, sa'an nan ka saurara.

Ranar Litinin ba ka yi laifi ba, kunya ce ta rinjaye ka, kuma kunya ɗabi'a ce abar yabo. Laifin ya fara ne ranar Laraba, lokacin da ka kai hannu ka murɗa makulli. Ƙarya ba da harshe kaɗai ake yin ta ba. Duk wanda ya tsara wani aiki domin mutane su fahimci abin da ba haka yake ba, ya faɗa musu shi, ko da leɓensa bai motsa ba.

Masu tura ka kuwa, muna kyautata zato ga Allah cewa ladansu yana nan cikakke, domin aiki yana bin niyyar mai shi, kuma sun yi nufin taimakon wanda suke zaton ya maƙale. Ba a tambayar mai taimako ko ya duba kafireta. Sai dai ladan da suke samu ba ya wanke ka, kamar yadda wanda ya haƙa rami ba ya cewa ya buɗe wa masu ciro mutane ƙofar alheri.

Batun zare waya, ka bar shi tun a zuci. Ɓarnar dukiya ce, yaudara ce ta biyu a kan ta farko, kuma za ka sa dattijo ya yi murnar gano ciwon da kai ka dasa. Sayarwa ma ba mafita ba ce. Motar za ta tafi, sunan Kunne ya zauna a inda ka bar shi.

Na auna ɓangarorin biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Jin daɗin tsohon nan kyautatawa ce, ana iya nemo mata wata hanya. Mutuncin Kunne da sana'arsa haƙƙi ne, kuma ba a kyautata wa wani da haƙƙin wani. Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da istigfari kaɗai, sai an mayar wa mai abu abinsa. Abin da ka ɗauka na wannan bawan Allah shi ne yardarsa da kunnensa, da yardar mutane da shi.

Ka fara da shi. Ka je garejinsa kai kaɗai, ka faɗa masa komai ba tare da ado ba. Idan ya yi faɗa ka yi shiru, takaicin wata takwas ya tara. Bayan haka, da yake a mahaɗar nan aka ɓata sunansa, a nan za a gyara shi. Ka zo da safe injinka yana aiki, ka fito ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka ce Gwaggo ba ta taɓa mutuwa ba ko sau ɗaya, aikin Kunne ne ya yi kyau har ba a jin ta, kai kuma kunya ta hana ka magana. Ka tafi da kofin ruwan nan ka ɗora su gani. Kada ka shirya wani gyaran ƙarya a gabansu don ka tsira da fuskarka. Za su yi maka dariya, mai faci zai daɗe yana yi, wannan shi ne kaffararka, kuma mai sauƙi ce.

Baba Mai Sanda ba turi yake so ba, so yake a ce akwai inda ake jiransa. Ka gaya wa 'yarsa haka. Ka buɗe masa ƙofar gaba kowace Asabar, tun da dama ka saba fita ba dalili, ku zagaya shataletalen tare, ya ƙirga maka ɗaya, biyu, uku kafin ka murɗa makulli. Sauran takwas ɗin kada ka damu da su, motocin da suke mutuwa da gaske ba za su ƙare a titi ba. Mai ɗakinka kuma ka gode mata, ta rufa maka asiri wata takwas, tsokanar da take yi ba ta kai ladanta ba.

Saura batun sakaya suna. Na sakaya, amma ka manta cewa mota ruwan ƙwai mai giya a sitiyari ɗaya ce a garin nan, kuma ɗaya daga cikin masu tura ka jarida yake sayarwa, yana karanta ta kafin kowa. Shi ya sa na ba ka mako guda ka riga shi.

Kuma akwai wata Alhamis da aka yi yayyafi, wani dattijo mai tabarau ya zo wucewa, ya ajiye littattafansa a kan teburin mai jarida, tela ya ba shi tsumma da gefen hagun motar ya tura. Kwana uku yana salla a zaune saboda ƙugu. Ina shaida maka cewa ya yafe, don shi ne yake rubuta maka wannan amsa, amma ladansa ba zai mayar ba.

Allah Ya ba ka ƙarfin faɗar gaskiya, Ya cika garejin Kunne da aiki, Ya ƙara wa tsohon nan lafiya, Ya jiƙan mahaifinka da iyayenmu. Ku kuma masu karatu, Allah Ya kai ku inda kuka nufa lafiya, Ya haɗa ku da masu tura ku ranar da kuke bukata da gaske. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.