Sajen da Ya Biyo Ni a Hanyar Yola

Jimeta,
6 ga Afrilu, 1972.

Zuwa ga matata Raliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya nauyin jiki, ƙafafun sun rage kumburi? Yaya Gogo? Tun da kika koma gida goyon ciki, ɗakin nan ya yi mini faɗi.

Na san kin jira ni ran Talata. Wallahi na taso, har da atamfarki a bayan babur ɗin ofis. Kin ji dai an mai da tuƙi hannun dama. Sati guda ina bitar abin a bakina, amma ina fita Jimeta hannuna ya koma hagu, inda ya saba.

Sai usur. Na waiga, ga motar 'yan sanda, ga Baffa Bobboyi a gaba da igiyoyinsa uku. Raliya, mahaifinki! Mutumin da ban taɓa tsayawa gabansa da takalmi ba. Kunya ta rufe ni, na rasa abin yi, na murɗa mai kawai. Suka biyo ni. Na wuce kekuna da wata motar gyaɗa, hulata ta tashi ban waiwaya ba, kuma duk wannan gudu a hagu nake yinsa. Tunanina ɗaya, lasin ya tafi, aikin masinja ya bi shi, ga haihuwa tafe.

Daf da Yola shanu suka tare hanya. Na sauka, na cire takalmi, na durƙusa a bakin kwalta.

Bai dube ni ba. Sunana ma bai kama ba, naki kuwa kin san ba ya faɗa, ke ce ta fari. Sai ya kira Kofur Nicodemus, ya ce a rubuta mai babur, ya je kotu ran Litinin kamar kowa, amma a bar masa lasinsa. Ya juya zai shiga mota, sai ya ƙara da cewa a gaya wa mai babur akwai wata yarinya a gidansa, ba ta kai shekarun takaba ba. 

Tarar kotu ba ta dame ni ba. Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci.

Atamfar tana hannun mai kawo miki takardar nan. Ki tambayar mini Gogo ko in zo ran Juma'a. In an yarda, da ƙafa zan taho, kuma ta hannun dama.

Ki gai da mutanen gida. Allah ya sauke ki lafiya.

Naki,
Hayatu Jalo