Haƙoran Dutse da Haƙƙin Zayyanu

Da sunan Allah. Ni, Atiku ɗan Mode na Wurno, da hannuna na rubuta wagga takarda. Hankalina garau, ƙafafu kaɗai sunka gaza. Ɗiyana Sauda, Uwaisu da Zayyanu, ku saurara.

1. Gida da fadamar Rabah a raba su yadda Allah Ya hukunta. Ba ni da ta cewa a nan.

2. Kwazazzabon bayan gona na fitar da shi cikin sulusina, wakafi ga ɗalibai. Uwaisu, na san masu tifa sun yi ma maganar tsakuwa. Kul! Kun daɗe kuna man dariya, wai tsoho na tara haƙoran da ba su kai ƙwayar gero ba, to ku ji mi ya sa. Da anka tura ni karatu waje, na ga haƙoran wata ƴar halittar teku, konodon. Dutse shimfiɗa-shimfiɗa yake, ta ƙasa ta girmi ta sama. Shimfiɗar da sabon irin haƙorin ya fara bayyana, nan masana kan kafa ƙusa su ce wani zamani ya ƙare, wani ya kama. Mu nan babu konodon, ya ƙare tun kafin teku ya shimfiɗa duwatsunmu. Da haƙoran kifi na cikin kwazazzabon ga na yi nawa aikin, shekara talatin. In tifa ta kwashe gangaren ga, babu mai sake karanta shi.

3. Gwangwanayen haƙora arba'in na ɗakina, Sauda, amanarki. Na san ki da tsabta, to don Allah kada ki wanke, kada ki juye su wuri guda. Haƙorin da ba a san shimfiɗar da ya fito ba tsakuwa ce kawai.

4. Zayyanu, ga naka. Ƙa'idar aikinmu, daga ƙasa ake fara ƙidaya. Ranar da baƙi masana sunka zo, sunka tarar da tsofaffin haƙora bisa sababbi, sunka yi murmushi, kunya ta kama ni. Na ce kai ka birkita gwangwanayen, na zage ka gaban mutane, kana magidanci da iyalinka. Ka kwashe iyalin ka koma Goronyo noman albasa, yau shekara goma sha ɗaya ba ka kwana gidan ga ba.

Bara waccan na buɗe tsohon littafina. Ga rubutuna ɓaro-ɓaro: ranar ɗibar haƙoran, gwiwa ta hana ni sauka gindin gangaren, daga sama na fara sa ma gwangwanayen lamba. Ka ɗauko su daidai yadda na ba ka. Shekara biyu ina sane na yi shiru, girman kai ya hana ni, kuma wallahi abin na cin raina. Ka yafe man.

Littafin da igiyar awo suna jiranka. Kai za ka kula da wakafin, don babu wanda ya san gangaren kamar kai.

5. Uwaisu, kada ka jira a ɗauke ni. Ranar kasuwar Goronyo ka kai takardar ga, ka karanta magana ta huɗu da ƙarfi a rumfar albasa. Gaban mutane na zage shi, gaban mutane za a wanke shi.

Allah Ya yi muku albarka, ku da ɗiyanku. Ku riƙe juna, kada ɗayanku ya sake yin Salla shi kaɗai. Zayyanu, na sa an share ɗakinka. Ka zo tun ina iya gane takunka a zaure.