Idon Hamsa da Tsagar Yayana

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ina yanke hukunci kamar wani alƙali, yau ga shi abin ya zagayo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon labarin, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda na maƙale ba.

Ni Bagobiri ne amma a Yamai aka haife ni. Yayana Garba, uwa ɗaya uba ɗaya, shi a ƙauyenmu wajen Tibiri aka haife shi, wanzami ya yi masa tsagar Gobir cikakkiya, daga gefen baki har kunne, hagu da dama. Ni kuwa ko da na zo duniya baba ya riga ya dawo birni yana aikin gadi, ya ce shi ɗansa ba za a sa masa aska ba. Yaya a hannun kakanmu ya tashi can ƙauye. Ku riƙe wannan, don duk wanda ya gan mu tare ba zai ce ciki ɗaya muka fito ba, shi dogo mai tsaga, ni gajere fuska sumul.

Shekarar da aka yi farin nan, wadda sojoji suka karɓi mulki, ina da gidan kallo a unguwar Kirkissoye, rumfar kwano ce da bencina, tele biyu, wato talabijin, da ƙaramin gurup, janareto ke nan, saboda ɗauke wuta. A shekarar gero bai yi ba, shanun Yaya suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya yana kallo, daga ƙarshe ya tattaro ɗansa Nasiru suka zo wurina. Mutumin da shi ke aiko mana da buhun hatsi duk kaka, ya koma yana share rumfar ƙaninsa yana jera benci. Bai taɓa faɗa ba amma abin na cinsa, magana kaɗan sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Abu ɗaya ya rage da ke sa shi dariya, kokowa.

To sai ga wani ƙarshen mako da komai ya haɗu. Kokowar takobi, gasar ƙasa da ake ba zakara takobi, ta zo ƙarshe ana nunawa a telen ƙasa, ga kuma manyan wasannin ƙwallo na Turai Asabar da Lahadi, ɗaya na ƙarewa ɗaya na farawa. Na raba rumfar biyu, 'yan ƙwallo gabas 'yan kokowa yamma, ashe faɗa na raba wa wuri. Kowane ɓangare na cewa a rage muryar ɗayan. Ranar Asabar kaɗai an karya benci, an fasa wa wani mai kabu-kabu baki da butar shayi, wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugun fenariti, kafin gurup ya tashi har an fara jifan kwanon rufi da duwatsu. Ni dai ina tsakiya ina ba da haƙuri da harshe biyu, Hausa da Zabarmanci, ba mai saurarona ko da ɗaya.

Ranar Lahadi da yamma ɗan kokowarmu na Maradi ya shiga fili. Yaya tun safe bai ci komai ba, ya zauna gaban tele har numfashinsa na taɓa gilashin, yana yi masa kirari kamar yana jinsa. Aka daɗe ana ja-in-ja, can sai abokin karawar ya ɗauke ƙafarsa, namu ya zauna daɓas a kan yashi. Rumfa ta kaure, samarin unguwa suka kewaye Yaya suna rawa suna kwaikwayon faɗuwar. Ya tashi ya ɗaga bencin da yake kai ya maka da ƙasa ya rabe biyu, kowa ya watse.

A nan ne na yi dabarar da na ɗauka ta hankali ce. Akwai wani lambu a bakin kogi da aka mayar mashaya, duk Lahadi bayan isha ana wasa, mata na rawa da barkwanci. Na ce bari in kai shi ya ga abin da bai taɓa gani ba ko zuciyarsa ta sauka. Masu wa'azi ku adana yawunku, na san wurin ba masallaci ba ne, kuma rabona da irinsa tun daren. Kada kuma wani ya ce maye ne, Yaya ko a lokacin lemo kaɗai ya sha.

Tauraruwar wurin ita ce Hamsa, Bazabarma ce, kuma wallahi gwana ce. Kun san cali-cali, masu ban dariyan nan da ke kwaikwayon 'yan kokowa a fili, to irin wasansu take yi amma na mata. Ta fito da ƙatuwar riga ta cusa tsumma a ƙirji da damatsa, ta ɗaure layu da guraye tun daga wuya har gwiwa, tana tafiya tana buɗa ƙafa tana kirari. Makaɗi na bugawa tana kwance layun ɗaya-ɗaya tana jefa wa maza, kowace laya da abin da za ta ce tana magani, wannan ta tsoron mata ce, wannan ta gudun mai gidan haya. Ta cire rigar, ta cire tsumman, har ya rage daga ita sai ɗan bante mai tuntaye da rigar mama mai ƙyalli. Mutane na dariya har da masu faɗowa daga kujera. Na waiga na ga Yaya ma bakinsa ya ɗan saki, na ce alhamdu lillahi, na tashi na je can baya in karɓo mana nama.

Ina wajen mai nama na ji ta a lasifika. Ta hango tsagar. Wanda ba ɗan Nijar ba bari in yi masa bayani, Zabarmawa da Gobirawa taubasai ne, Bazabarme zai tare Bagobiri a tsakiyar kasuwa ya ce masa bawansa ne, ya ce mage ce ta yakushe shi garin satar nama, a yi dariya a rabu. Ba a fushi, balle a zubar da jini, mu tun muna yara ake ce mana wanda ya fitar wa taubashinsa jini ba zai gama lafiya ba. Shi ya sa a duk taron ta zaɓe shi, don a ganinta shi ne mutum ɗaya da ba zai taɓa yi mata komai ba.

"Ay baaso, taubashina," ta ce, "yau an kayar muku da namiji, zo mace ma ta gwada."

Ta jawo hannunsa zuwa tsakiyar yashi, mutane na tafi. Ya tsaya ƙiƙam bai san abin yi ba, ita kuwa tana zagaya shi tana rawa, sai kawai ta sa masa ƙafa ta baya ta tura. Ya zauna daɓas, daidai irin zaman da namu ya yi a tele. Wurin ya fashe da ihu, ta ɗora ƙafa a cinyarsa tana ɗaga hannu.

Abin da ya biyo baya ko minti bai kai ba. Ya kama ƙafar ya fizge ta, kanta ya bugu da ƙasa. Ya miƙe ya suri kwalba a teburin kusa ya sauke mata a fuska, kwalbar ta fashe, bai tsaya ba ya ƙara da ragowar da ke hannunsa. Makaɗin ya yi kansa, Yaya ya make shi da kujerar ƙarfe har na ji ƙarar ƙashin hannunsa daga inda nake. Daga nan kowa ya kama na kusa da shi, kwalabe na tashi, mata na ihu, wani ya ture gasasshen nama da garwashin a kan mutane. Sojojin sintiri da ke kusa da gada suka shigo da bel da gindin bindiga, ba su tambayi kowa komai ba, duk wanda suka samu tsaye sai ya kwanta. A cikin wannan hargitsi Yaya ya haura katanga.

Ni na rarrafa na sami Hamsa a yashi, hannunta a kan ido, jini na bi ta tsakanin yatsunta. Na cire rigata na danne wurin, na saɓa ta a kafaɗa, soja ya zuba mani bel a baya har yau tabon na nan, ban sauke ta ba sai a cikin taksi. Idon hagu dai bai tsira ba. Ba ta kai ƙara ba, ta ce mai rawa da bante wa zai saurare ta. Da asuba na sami Yaya a rumfa yana wanke hannu, na sa shi a motar Maradi na ce Nasiru ya zauna wurina ya yi lakwal, wato makarantar boko. Tun daga ranar bai sake taka Yamai ba, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni ko matar ta rayu ba.

Hamsa ta bar rawa, ta koma unguwar Lazaret tana sayar da dambu da kopto, zogalen nan da ake kwaɗawa. Ni kuma na kasa daina zuwa, da farko don in ga jikinta, daga baya ya zama sabo. Ta ɗauke ni ɗan'uwa, ta yi aure, ta je Makka, yanzu Hajiya ake ce mata. Ta gaya wa 'ya'yanta da mijinta hatsarin mota ne, ta sa na rantse ba zan taɓa faɗa wa kowa ta yi rawa ba. Ta san ni Bagobiri ne, takan ce Bagobiri ya cire mata ido, Bagobiri ya ɗauke ta, sun biya juna. Amma ban taɓa jin ta sake tsokanar wani mai tsaga ba, in irinsu suka zo sayen dambu sai ta tura 'yarta ta zuba musu, ita ta juya baya. Ba ta san wanda ya yi da wanda ya ɗauke ta nono ɗaya suka sha ba, lokacin da ta jawo shi ba na kan teburin, kuma fuskata ba ta tona ni.

To ni da ƙafata na riƙa aiken Nasiru karɓo dambu, shekara da shekaru. Yaron ya girma, shi ma ba tsaga a fuskarsa, ya zama makanike, natsattse, ko kaza ba ya iya yankawa. 'Yar Hajiya ta fari, Balki, wadda take ƙarama lokacin da abin ya faru, ita ke zuba masa. Sauran kun san shi. Da ya zo ya same ni yana sunkuyar da kai yana murza hula, ya ce Balki yake so ya aura. Hajiya kuwa ko bincike ta hana a yi, ta ce gidan da ya fitar da ni ba sai an tambaya ba.

Na kira Yaya na ce ya huta, hanya da nisa ga ciwon ƙafa, ni zan tsaya a matsayin uba in kai goro. Nan ya hau ni, ya ce tun da na ci da shi shekarar fari nake ganin na saye shi, yanzu kuma ɗan nake so in gaje da ransa. Na ce ba haka ba ne, ya ce in ba haka ba ne mene ne. Kafin ya kashe waya ya ce, "Ni na haihi ɗana, ni ka zuwa in roƙa mashi mata. Juma'a ina tahe." Tsufa bai rage masa komai ba, bara ma sai da aka kai shi gaban mai gari don ya fasa wa wani kai a kan iyakar gona.

Ga inda nake. In na gaya wa Yaya ko wace ce, na san bakinsa, ba kunya zai ji ba, cewa zai yi ɗansa ba ya auren 'yar mai rawa tsirara, kuma a gaban mijinta zai faɗa, asirin da ta rufe shekaru ya tonu ta hanyata. In na gaya wa Hajiya, na san auren ya mutu, kuma za ta gane duk dambun da na ci a rumfarta da ƙarya a bakina na ci shi. In na gaya wa Nasiru, na ba yaro labarin da zai raba shi da ubansa ko da yarinyar da yake so, shi da bai yi wa kowa komai ba. In na yi shiru, shi Yaya ba lalle ya gane ta ba, ranar tana cikin kwalliya da gashin kanti, amma ita ta taɓa gaya mani fuskar mutumin nan ce abu na ƙarshe da idon ya gani, ko a cikin taron Arfa za ta fitar da shi.

Jiya na je Lazaret da niyyar in faɗa mata komai. Na same ta tana ta fara'a, ta sa an yi wa falo fenti, ta ɗinka sabon lulluɓi. Kafin in buɗe baki ta ce ta yi tunani, tunda Allah ya haɗa ta surukuta da Gobirawa, lokaci ya yi da za ta daina juya baya. Ta ce rabonta da wasan taubasai tun wancan dare, amma ranar Juma'a za ta fito da kanta ta tare uban ango a bakin ƙofa, har ta tanadi abin da za ta ce masa.

"Ka ce wa yayanka ya shirya, uwargijiyarsa na jiransa," ta ce tana dariya. Sai ta juyo da lafiyayyen idon ta dube ni. "Shi ma fuskarsa sumul take irin taka, ko yana da tsaga?"

Na ce mata ana kirana a waya, na fita, ban koma ba.

Jama'a yau Laraba, Yaya ya riga ya yanki tikiti. Cikin su ukun nan wa zan fara gaya wa, kuma da wane baki? Ko akwai hanyar da zan bi auren yaran ya tsira ba tare da matar nan ta sake ganin fuskar nan a ƙofar gidanta tana tsakiyar dariya ba? Don Allah wanda ya san abin yi ya faɗa mani kafin motar Maradi ta iso.