Dokin da Na Taɓa a Alƙahira

Ƙanena Bilyamin,

Sallama da gaisuwa. Ina Ramatu da yara? Ruwa ya iso hawasha, gonarmu ta noman rani, bana kuwa?

Ni lafiyata lau. Yayanka, tsohon malamin lissafi na garin Wad Madani, yana gadin ƙofar wani gini, yana ci yana sha. Gwiwa ce kawai ke ƙi wani lokacin.

Jumma'a na shiga gasar shataranji, darar nan mai sarki da waziri da doki, a nan unguwarmu. Na sami baƙaƙen 'ya'yan wasa, na buɗe da tsaron Sisiliya, wanda na shekara talatin ina yi wa abokina Mato da shi a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki. Wasa na hannuna, wallahi. Sai na ɗaga doki, na hango kuskure, na mayar da shi ina cewa "tsaya tukuna", da Hausa, kamar muna gida. Alƙalin wasa ya ce wanda ka taɓa shi za ka tafiyar. Na tafiyar da dokin, aka cinye min waziri. Waziri ya tafi, wasa ya bi shi.

Ka san yadda nake zagin Mato kan wannan halin. Wata bakwai ban ji ɗuriyarsa ba. Don Allah ka je garin Hajj Abdalla ka nemo min shi. Ka ce in na dawo, ya mayar da doki sau goma, ba zan ce uffan ba.

Yayanka,
Audi